Lambun gida: Wane tallafi mazauna birni ke buƙata daga gwamnati?

Duk lokacin da farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi a Najeriya, akwai shawarar da ba a rasa ji daga bakin hukuma: kowa ya shuka abin da zai ci, ko da a tsakar gidansa ne. An ji ta a 1976, an ji ta a shekarun tsuke bakin aljihu na 1980, an kuma sake jin ta bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

A wannan karon, Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci a ranar 13 ga Yuli, 2023. Uwargidansa, Sanata Oluremi Tinubu, ta fito da gasar “Kowane Gida da Lambu”, mai ɗauke da kyautar miliyoyin naira, domin ƙarfafa wa mata gwiwa su riƙa shuka kayan miya a gida. Zuwa watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100. A watannin nan tumatir da attaruhu suka yi tsadar da ta sa gidaje da dama suka koma haɗa miya da karas da kauɗa.

Magidanci a birni yana da dalilin sauraron wannan shawara. Binciken da NBS ta yi kan yadda iyalai suka kashe kuɗinsu a 2019 ya nuna cewa kashi 56.65 cikin 100 a abinci yake tafiya. Sai dai kafin ma’aikaci ya fasa simintin tsakar gidansa, ko ɗan kasuwa ya sayo buhuna ya cika da ƙasa, yana da kyau a san iyakar abin da lambun gida zai iya samarwa, da kuma irin tallafin da zai sa ya ɗore.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Noma a cikin gari ya girmi duk wani shirin gwamnati. Lokacin da Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Magabata sun bar wannan fili da gangan, domin idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, mutane su samu abin da za su ci.

Haka kuma a gidan Bahaushe na da, da wuya a rasa zogale a jikin danga, da kabewa ko duma a kan rufin ɗaki, da rama da yakuwa a gefen rijiya. Shara da toka da kashin dabbobi na cikin birni kuwa jakuna ne ke kwashe su zuwa gonakin karkara a matsayin taki.

Abin da ya sauya shi ne tsarin zama. Fulotai sun ƙanƙance, an shafe tsakar gida da siminti ko intalok, rijiyoyi da yawa sun ƙafe, sannan ɗimbin ma’aikata da ’yan kasuwa a Kano da Kaduna da Abuja a gidajen haya suke, inda ko ƙusa mutum zai kafa sai da izinin mai gida. Duk shirin da bai yi la’akari da wannan ba, da mutanen da suka riga suka mallaki fili kaɗai yake magana.

Abin da ya faru a 1976

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, wanda aka fi sani da OFN, a watan Mayun 1976. Ƙasar ta fito ne daga farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970, dalar gyaɗa ta Kano tana ɓacewa, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji kuma suna janyo matasa daga ƙauye zuwa birni.

An buƙaci makarantu da barikokin soja da ma’aikatu su buɗe gonaki, an yi kira ga mazauna birni su shuka kayan lambu su kuma yi kiwon kaji a gida. An sayar da taki da rangwame mai yawa, an tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka lokacin dogon hutu. Rediyo da talabijin sun cika da yekuwa.

Shirin ya wayar da kan jama’a, amma bai rage dogaro da abincin waje ba. Darajar naira a lokacin ta sa shinkafar waje ta fi ta gida araha, taki yakan iso bayan shuka ta yi nisa, ɗaliban da aka tura kuwa da yawansu ba su kai manoman da aka ce su koyar sanin noma ba. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta maye gurbinsa da nata shirin na juyin juya halin noma, amma a zamanin ne kuma aka kafa kwamitin shugaban ƙasa na musamman kan shigo da shinkafa, ƙarƙashin Ministan Sufuri, Alhaji Umaru Dikko.

Ghana ta riga Najeriya gwada wannan hanya. A 1972 gwamnatin Kanar Ignatius Acheampong ta fito da shirin “Ciyar da Kanka”, ya kuma samu karɓuwa a shekarun farko, kafin fari da rashin iya gudanarwa su durƙusar da shi. A ƙasashen biyu, shirin ya rayu ne gwargwadon ƙarfin yekuwar da ke bayansa. Da gwamnati ta sauya, ko hankalinta ya koma wani wuri, sai lambunan suka bushe.

Lambun gida na miya ne

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar lambun gida a matsayin maganin tsadar abinci baki ɗaya. Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna iyakarsa.

A matsakaicin ƙiyasi, hekta guda ta masara a Najeriya ba ta cika ba da fiye da tan 2 ba, wato buhu 20 masu nauyin kilo 100. Hekta kuwa murabba’in mita 10,000 ce. Ke nan buhu ɗaya yana buƙatar murabba’in mita 500. Fulotin da aka saba yankawa a birane, mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, bai wuce murabba’in mita 465 ba. Ko da mutum bai aza tubali ko ɗaya ba, ya shuke fulotinsa kaf da masara, da ƙyar ya tashi da buhu guda a shekara. Idan kuwa abin da ya rage masa bayan gini murabba’in mita 50 ne, abin da zai girba bai wuce tiya huɗu ba.

Saboda haka farashin masara da gero da dawa da shinkafa yana hannun manyan gonakin karkara, kuma abin da ke juya shi shi ne tsaro a dazukan Zamfara da Katsina da Neja, da farashin taki, da kuɗin dakon kaya, da manufofin shigo da abinci. Babu adadin buhunan da za a jera a tsakar gida da zai sauya wannan.

Ga kayan miya lissafin daban yake. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Kuɓewa tana fara ’ya’ya cikin kimanin wata biyu, ta kuma ci gaba da bayarwa muddin ana tsinka. Zogale da an dasa shi ya kama, shekaru zai yi ana cin ganyensa. Lalo da rama da yakuwa ba su da wahalar kulawa, albasa mai lawashi da attaruhu kuma suna yi a cikin buhu ko tsohon bokiti. Waɗannan su ne kayan da ake saye kullum da kuɗin cefane, su ne masu saurin lalacewa a hanya, su ne kuma farkon abin da uwargida ke ragewa idan kuɗi ya gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da ’ya’yan itatuwa a rana, adadin da gidaje da yawa ba sa kusantarsa a lokacin tsada.

Akwai kuma batun lokaci. Tumatir da tattasai suna araha ne daga Janairu zuwa Maris, lokacin da amfanin noman rani na Kadawa da Kura da makamantansu ke cika kasuwa. Suna tsada daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Mai lambu a gida ya fi cin riba idan ya shirya shukarsa ta zo daidai da wannan giɓi, sa’ad da ruwan sama ke shayar masa kyauta, ya kuma shanya tumatir lokacin arha ya ajiye kauɗa.

Ruwa shi ne babban kuɗin

A lokacin zafi a Arewa, kowane murabba’in mita na lambu yana shan kimanin lita 5 zuwa 7 na ruwa a rana. Ɗan fili mai murabba’in mita 10 ke nan yana buƙatar jarka biyu zuwa uku masu cin lita 25 kullum. Wanda ke da rijiya ko burtsatse ba zai ji wannan ba. Wanda kuwa a hannun ’yan garuwa yake sayen ruwa, sai ya ninka kuɗin jarka uku sau talatin, ya kwatanta da abin da yake kashewa a ganye da kuɓewa a wata. A unguwanni da dama lissafin ba zai fita ba.

Wannan ne ya sa gyaran ruwan famfo, wanda ke hannun hukumomin ruwa na jihohi, ya fi kowace gasa tasiri ga lambun gida. Tara ruwan sama ma hanya ce. A wuri kamar Kano, inda ruwan shekara ke kaiwa kimanin milimita 800, rufin kwano mai murabba’in mita 100 yana zubar da wajen lita dubu 80 a damina guda. Abin da ke hana mutane cin moriyarsa shi ne tsadar tanki da indararo, kuma nan ne rangwame ko rancen da ake cirewa a albashi kaɗan-kaɗan zai yi aiki. Ruwan alwala na masallatan unguwa, wanda ba shi da sabulu kuma yake kwarara cikin kwata sau biyar a rana, zai iya shayar da zogale da ’yan kunyoyin ganye idan aka yi masa hanya.

Inda babu ruwa mai tsabta, mutane da wanda suka samu suke amfani. Shekaru da dama ana noman latas da kabeji da alayyafo a bakin rafukan Jakara da Getsi a Kano, waɗanda ke ɗauke da ruwan kwatocin birni da dagwalon masana’antun Bompai. Binciken masana ya sha nuna ɓurɓushin ƙarafa masu guba a ƙasa da ganyayyakin wuraren, ban da ƙwayoyin cutar da ke bin kayan da ake ci ɗanye. Gwamnatin da ta ce a shuka ba tare da ta tanadi ruwa ba, tana iya sa jama’a su yi gudun gara su faɗa gidan zago.

Fili a hannun wa yake?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi iko kai-tsaye kan filayen birane. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da lambunan shaƙatawa da filayen da ba a gina ba da kwashe shara, tare da ba su rawar takawa a bunƙasa noma. Ma’ana, ana iya yin sanarwa daga Abuja, amma makullin fili da ruwa da shara yana hannun jiha da ƙaramar hukuma.

Ƙasashen da noman birni ya ɗore a cikinsu ta nan suka fara. A Birtaniya, dokar 1908 ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da ’yan filayen noma na haya idan mazauna yanki suka nema. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, gwamnati ta yi kira ga jama’a su noma abincinsu, ta tarar da tsari a ƙasa, har adadin filayen ya kai kusan miliyan 1.4. Har yau ana bin layi a samu irin wannan fili a biranen ƙasar.

A Kyuba, rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta katse wa ƙasar man fetur da taki da abinci. Gwamnati ta ba mazauna Havana aron filayen da ba a amfani da su, ta kafa sashe na musamman kan noman birni a 1994, ta buɗe shagunan iri da ba da shawara a unguwanni, ta kuma halatta wa masu lambu sayar da rarar amfaninsu. Kayan ganye sun wadata a birnin, duk da cewa har yau ƙasar daga waje take shigo da mafi yawan abincinta. Ko a can lambun birni miya ya samar.

A biranenmu akwai filayen da za su yi wannan aiki: harabar makarantu da sakatariyoyi, gidajen ma’aikata, bakin madatsun ruwa, da fulotan da aka yanka shekara da shekaru ba a gina ba, suka zama juji. Abin da ake buƙata shi ne aro a rubuce na shekara biyu ko uku, domin babu wanda zai zuba taki ya gyara ƙasa alhali yana fargabar a tashe shi kafin girbi.

Me doka ta ce game da ma’aikaci?

Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulki ya haramta wa ma’aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana’a ta ƙashin kansa, amma ya keɓe noma a fili. Ma’aikaci yana da ’yancin yin noma da kiwo, ya kuma sayar da abin da ya samu.

Wasu jihohi sun ɗora a kan wannan. A 2016 Jihar Binuwai ta ba ma’aikatanta hutun ranakun Juma’a a lokacin damina domin su je gona. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako daga ranar 1 ga Disamba, 2021, kuma samun lokacin noma yana cikin dalilan da ta bayar. Lokaci yana da amfani, sai dai ma’aikacin da ke zaune a ɗaki biyu na haya, ba fili ba ruwa, ranar hutun ba za ta tsirar masa da ko ganye ɗaya ba. Ƙungiyoyin gama-kai na ma’aikata, waɗanda suka saba sayo shinkafa da mai su raba a biya a hankali, za su iya neman fili a matsayin ƙungiya, su haƙa burtsatse guda, su yanka wa mambobi kunya-kunya.

Iri da malamin gona

Iri marar kyau yana cinye wa mutum wata uku a banza. Najeriya tana da cibiyoyin da aikinsu ke nan: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar NAERLS mai kula da wayar da kan manoma, dukkansu a Jami’ar Ahmadu Bello, Zariya, da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Matsalar ita ce abin da suka sani bai cika isowa unguwa ba. Tsarin malaman gona da aka gina tun daga ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 don manoman karkara aka yi shi, kuma ko a can malami guda ne ke fama da dubban manoma.

Sabon mai lambu yana buƙatar wanda zai gaya masa cewa iri mai aure ba a ajiye ’ya’yansa a sake shukawa, cewa ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka sai an bari ya ruɓe, cewa buhu yana son a huda masa ƙasa ruwa ya riƙa fita. Yana kuma buƙatar sanin ƙwari. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Tsutsar da ta gagari manyan manoma ba za ta ƙyale buhu goma a tsakar gida ba.

Nan ne haɗari yake. Wanda ya ga ƙwari a shukarsa, ba shi da mai ba shi shawara, maganin da ya samu a kasuwa zai fesa, a wurin da yara ke wasa, a kan ganyen da za a ci gobe. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari a jikinsa. Irin wannan maganin ne ake samu a shaguna da yawa. Kowane maganin feshi yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Ga ɗan ƙaramin lambu, tsince tsutsa da hannu da feshin ruwan ganye ko ’ya’yan darbejiya sun fi aminci.

Ina makomar ’yan gwari?

Masu sayar da kayan gwari a kasuwanni irin su ’Yankaba ba su da abin tsoro. Gidajen abinci da masu biki da mafi yawan mazauna birni za su ci gaba da dogaro da kasuwa, kuma babu lambun gidan da zai ba da tumatir da albasa shekara ɗungurungum. Hasali ma sabon ciniki ne ke buɗewa: ƙananan ƙullin iri, dashen tumatir da attaruhu, ruɓaɓɓen taki, buhuna, butar ban-ruwa da ragar kare shuka daga kaji da awaki. Gwamnatin da ke son abin ya ɗore gara ta ƙarfafa waɗannan ’yan kasuwa, ta tabbatar irin da suke sayarwa mai inganci ne ta hannun hukumar kula da iri ta ƙasa, maimakon rabon kyauta na rana ɗaya da ke ƙarewa a hannun ’yan kaɗan.

Ma’aunin da za a riƙe

Gasa da yekuwa suna da amfaninsu, domin suna cire wa mutane ganin cewa riƙe fartanya ƙasƙanci ne ga mai albashi ko mai shago. Amma kyauta mutum guda take samu, kuma galibi wanda ya riga ya mallaki fili da ruwa ne ke cin ta.

Idan aka sanar da sabon shirin noman gida, daga Abuja ne ko daga fadar gwamnatin jiha, mai karatu yana iya auna shi da tambayoyi huɗu. Wane fili aka ware wa masu zaman haya, kuma na tsawon wane lokaci? Daga ina ruwa zai fito a watan Maris da Afrilu? A wane shago ko ofishi za a samu iri mai inganci a ƙaramin ƙulli? Wa za a kira idan tsutsa ta faɗa wa shuka? Sai kuma a duba ko an saka kuɗin shirin a kasafin shekara, ko kuwa zai tafi tare da wanda ya ƙaddamar da shi, kamar yadda OFN ya tafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Filin aro da tankin ruwa da malamin gona na unguwa abubuwa ne da ake tanada lokacin da kwandon tumatir ke araha, domin su yi amfani a watan da zai sake tsada. Majalisun dokokin jihohi da shugabannin ƙananan hukumomi suna da ikon fara wannan ba tare da jiran kowa ba, kuma ƙungiyoyin ma’aikata da na ’yan kasuwa su ne suka fi cancanta su kai musu buƙatar a rubuce kafin a kammala kasafin baɗi.